Macizan da Ke Cikin Igiyoyin Isufu

Shekara arba'in da ɗoriya Isufu ya yi yana tufka igiya a Matamaye. Ta kaba ce ko ta rama, ta guga ce ko ta ɗaure shanu, babu wadda hannunsa bai sani ba, kuma mutanen Kurni da Dawce ba su komawa gida ranar kasuwa sai sun biya ta zaurensa. Da tsufa ya kankama, sai gani ya fara ja da baya. Lokotoro a Damagaram ya haska idon, ya ce jijiyar ce ta gaji, ba yanar ido ba ce balle a kankare. Isufu ya rungumi ƙaddara, domin mai tufka da yatsu yake aiki. Duniya dai ta koma masa kamar abin da ake hange ta cikin hayaƙi.

Da faɗuwar damina macizan suka fara zuwa. Yana zaune da hantsi yana murza kaba a cinya, sai ɗaya daga cikin igiyoyin da ya naɗe ta ɗaga kai ta zuba masa ido. Ya kurma ihu. Maƙwabcinsa Gambo mahauci ya shigo a guje da sanda, ya tsokani abin, ya ɗago shi sama yana ƙyaƙyata dariya.

"Haba Baba Isufu! Kai ka tufka ta, kuma kai take kora?"

Daga ranar nan Isufu ya kama bakinsa. Amma macizan ba su daina ba, wata rana ɗaya, wata rana uku. Ba saran yake tsoro ba. Tun yana yaro ya ga ƙanen mahaifinsa da marin ƙarfe a ƙafa, ɗaure a gindin turke saboda taɓin hankali, kuma shi ma da ganin abin da babu ya fara. In Isufu ya tuna ƙarar marin nan, sai ya ture kwanon tuwo gefe. Ya kuma ji matarsa Batulu tana yi wa wata raɗa cewa akwai malami a Ɗan Barto mai karɓar masu taɓin hankali.

Autarsa Zakiyya ce ta gano shi. Ta yi karatu a Yamai, ta dawo tana koyar da falsafa a lise, wato babbar sakandare. Wata ranar Asabar ta kawo masa fura, ta tarar ya ƙura wa bango ido, gumi na zuba.

"Baba, me kake gani?"

"Ba komai."

"Ba komai ba ya sa mutum ya naɗe ƙafafu haka."

Sai ya faɗa mata duka. A ƙarshe ya ce, "Ki gaya mini gaskiya, auta. Hankalina ne yake tafiya?"

Ba ta yi dariya ba. Ta ce ta taɓa karanta cewa idon da ya dushe yakan ƙirƙiro wa kansa abin gani, alhali hankali na nan lafiya. Ta ce kuma ba shi ne farkon wanda igiya ta tsorata ba.

"Masanan Indiya na da can sun daɗe suna gardama a kan igiyar da aka ɗauka maciji. Wasunsu suka ce ba a tabbatar da sani sai an gwada shi a aiki: ka hangi ruwa, ka je ka sha, in ya kashe ƙishi to ruwa ne. Wasu suka ce a cikin mutum akwai mai shaida, wanda yake ganin macijin, yake ganin tsoron, amma shi kansa ba ya gurɓata, kamar fitilar da ke haska ɗaki ko me aka ajiye a ciki."

"To, waɗannan sun yi magana," in ji Isufu.

"Akwai kuma wasu na Turai, na baya-bayan nan. Su cewa suka yi, ka jingine tambayar ko akwai ko babu tukuna. Ka tsaya ka dubi yadda abin yake bayyana gare ka, ka siffanta shi dalla-dalla."

"Maciji na gabana in tsaya siffanta shi? Waɗannan ba su taɓa kwana a gona ba."

Duk da haka kullum ta taso daga lise sai ta zauna ta tambaye shi. Wane launi? Yana da inuwa? In ka juya ido yana bin ka? Yana amsawa don kada ya ɓata mata rai. A haka wata rana ya ce mata, "Abin mamaki, fuskarki ga ta nan ba na rarrabe hanci da baki, amma su har zanen bayansu nake ƙirgawa, tas, kamar ina ɗan shekara ashirin." Ta ce ya riƙe wannan. Bai ɗauke shi a bakin komai ba.

Abin da ya ɗauka shi ne maganar gwaji. Bai gaya mata ba, sai ya ɗora wa kansa doka: duk macijin da ya gani, zai miƙa hannu ya damƙe shi. Ranar farko zuciyarsa kamar ta fasa ƙirji, ya damƙa, ya ji kaba. Ya sake, ya ji rama. Cikin mako uku hannun ya saba, har yakan riga tunani isa.

Ranar wata Talata, bayan an kwana ana ruwa, ya yi sallar Azahar ya shiga ɗakin da yake tara kaba. Ƙasa da danshi. A gindin damin kaba ya hangi abu a naɗe. Ya ce a ransa, ga wani kuma, ya durƙusa, ya miƙa hannu.

Saura kamar taƙi ɗaya hannun ya tsaya. Tambayoyin Zakiyya, da suka zame masa jiki ba da saninsa ba, su suka taso. Wane launi? Bai sani ba. Ina zanen bayan? Babu. Wani dunƙule ne kawai, dishi-dishi, kamar damin, kamar bangon, kamar fuskar 'yarsa. Kamar duk abin da yake na gaske.

Sanyi ya ratsa shi tun daga tafin ƙafa. Ya kasa janye hannun, ya kasa ƙarasawa. Wataƙila igiya ce da ya manta a nan, ita ma ai dishi-dishi zai gan ta. In ya yi kira aka zo aka tarar da igiya, to ya sa wa kansa mari da bakinsa, gobe sai Ɗan Barto. In kuwa ya taɓa don ya tabbatar, wannan gwajin ba a yin sa sau biyu. A can cikinsa ya ji wani abu a zaune daram, yana kallon hannun da ya miƙa, yana kallon tsoron, yana auna wannan da wancan. Ya ce, mai wannan awon dai bai haukace ba.

Ya janye hannun a hankali, kamar mai zare ƙaya. Ya ja da baya da gwiwa har bayansa ya daki ƙyaure.

"Gambo," ya ce a hankali. Sannan da ƙarfi: "Gambo! Zo da sanda!"

Gambo ya shigo yana murmushi. "Baba, yau kuma wace igiyar ce ta yi maka rashin kunya?" Ya zura sanda a gindin damin. Nan take abin ya motsa, ya fara goga jikinsa yana ƙara kamar an zuba ruwa a tafasasshen mai.

"Innalillahi! Kububuwa ce! Ku ja baya!"

Sai da ya yi mata duka biyar ta daina motsi. Batulu ta fito da ludayi a hannu tana salati. Gambo ya jefar da gawar a tsakar gida, ya tsaya yana share gumi.

Da Zakiyya ta dawo, ta tarar da mahaifinta a kan tabarma, ya riƙe hannun damansa da na hagu. Ya gaya mata dokar da ya ɗora wa kansa. Ta dafe kai, hawaye suka zubo mata.

"Baba, ni na faɗa maka maganar gwajin nan."

"Ke kuma kika dame ni da tambayar da ta tsayar mini da hannu. Bar kuka." Ya juya wajen Batulu ya ce, "Maganar Ɗan Barto fa?"

"Wace magana, Malam?" ta ce, ta sunkuyar da kai ta koma madafa.

Isufu ya ɗaga ido. A kan katanga ga wani maciji kore, kyakkyawa, kowane zane na bayansa a fili. Ya dube shi bai motsa ba. Abin da ya hana shi sakewa shi ne tsakar gidan da ke gabansa, da tulin igiyoyi, da gindin randa, duk dishi-dishi.

"Auta," ya ce, "miƙo mini sandata. Daga yau ita za ta riƙa riga hannuna."