Hausar da Haisam Ya Gada

Da kaset ɗin ya iso daga Turai a 1998, Ubaidullah mai sayar da dabinon Khaibar a unguwar Ƙiblatain ta birnin Manzon Allah ya hana kunnen kowa sakat. Ɗansa Haisam da ya tafi karatu ya fito a fim, kuma da Hausa ya yi magana. Wannan ne ya fi faranta masa rai, domin shekara da shekaru maƙwabcinsa Rabo yana yi masa gorin ya haifi yaron da za ka ce masa "zo" ya amsa maka da Larabci.

Bayan la'asar ya tara dattawan layinsu na Harra ta Yamma, aka zuba gahawa. Ya bayyana musu abin da wasiƙar da Haisam ya haɗo da kaset ɗin ta ƙunsa, yana kare takardar da hannu don kada Rabo ya ga da Larabci aka rubuta ta. Wai wani mawaƙin Turawa ne ya fara rubuta wasan, ajali ya riske shi bai gama ba. Shi ne mai shirya fim ɗin ya ce kowane ɗan wasa ya cike gurbin da maganar da ya gada daga bakin ubansa.

"Mutum ya mutu bai gama aiki ba, ai sai a ƙyale shi, khalas," in ji Rabo.

Aka kunna. Ba launi, ba kiɗa, ba labari. Wata mata ta yi minti biyar tana kallon kujera, wani tsoho kuma yana juye ruwa daga wannan bokiti zuwa wancan. Aikin banza, makaho da waiwaye, amma a can wai fasaha ake kiransa.

"Ya shaikh, ko na'urar ce ta lalace?" Rabo ya tambaya.

Shi ma Ubaidullah haushi ya fara cin sa. Can sai ga Haisam cikin farin mayafi. Ya matso har fuskarsa ta cika talabijin, ya ja tsaki, ya ce da Hausa tsantsa, ba gargada:

"Tashi ka ba ni wuri, shashasha. Kai ba za ka taɓa zama mutum ba."

Hoton ya ɗauke, fim ya ƙare. Babu wanda ya yi dariya, don duk layin sun san muryar, shekara ashirin suna jin ta ta tagar gidan nan.

Rabo ya ajiye finjalinsa. "Na janye maganata, ya Abu Haisam. Wallahi yaro ya iya Hausa. Ko tsakin naka bai bari ba."

Kunya ta rufe Ubaidullah. Ya zauna yana lalube a ransa ko akwai wata magana mai daɗi da ya taɓa faɗa wa ɗan nan da Hausa. Har baƙin suka sa takalmansu bai samo ko ɗaya ba.