Kusurwar Makarar Alhaji Shakiru

Tun ranar da ƙafar Moro ta gurɗe a maƙabartar Tafo, makara ta karkata, Razak mahauci ya tare ta da ƙirji, ba wanda ya ƙara barinsa ya ɗauki gawa. Ba a faɗa masa ba. In ya matso sai wani ya riga shi sa kafaɗa, a ce, "Baba Moro, huta, ka yi naka."

Kafinta ne a unguwar Anloga, kuma ya yi shekara da shekaru yana cikin masu ɗauka a Zongo. Idon sawun nan tun yana saurayi yake turguɗewa, bai taɓa kula ba sai da ya kusa zubar da bawan Allah a ƙasa.

Da amininsa Alhaji Shakiru ya kwanta ciwo, Moro ya je dubiya. Alhaji ya kama hannunsa.

"Kai za ka riƙe wajen kaina."

"Alhaji, so kake in kai ka kabarin wani?"

"Ko ina ka yar da ni, na yafe. Amma kai nake so."

Maganar ta hana Moro sukuni. Cika wa mara lafiya buri lada ne. To, in ya faɗi fa? Kunyar ta mamacin ce, shi da ba zai iya gyara likkafaninsa ba.

Ya je wajen Hikma, 'yar ƙanensa, wadda ke aikin motsa gaɓoɓi a babban asibiti kusa da Bantama. Ta sa ya rufe ido, ta kama ƙafar ta ɗan juya.

"Ciki na yi ko waje?"

"Waje."

"Ciki ne, Baba. Yanzu fa?"

"Ba ki taɓa ba tukuna."

"Na taɓa." Ta saki ƙafar. "Ƙarfi kana da shi. Jin ne ya ragu. Duk gurɗewar da ka yi tana lalata jijiyoyin da ke gaya maka inda ƙafa take. Kafin labari ya iso, ka riga ka tafi. Amma ana tayar da su."

Ta koya masa murza tafin ƙafa da babban yatsa kowace safiya, da mirgina kwalba a ƙarƙashinsa, da taka tsakuwa ba takalmi. Mafi wuya shi ne tsayuwa da ƙafa ɗaya a kan abu mai laushi, ido a rufe. Moro ya cika buhu da garin katako, ya ajiye a bayan shago.

Maƙwabcinsa kafinta, Ba'ashante mai kiransa Wofa, wato kawu, ya leƙo ya gan shi yana tangaɗi, hannuwa a buɗe.

"Ei, Wofa Moro! Jirgin Makka ne zai tashi?"

"Matsa, kada fiffike ya buge ka."

Da fari ko Fatiha ba ya kaiwa ƙarshe sai ya dafa bango. Damina ta shigo yana yi. Sannu a hankali ya fara jin garin katakon yana gudu a ƙarƙashin ƙaramin yatsansa, yatsan kuma yana bin sa da kansa.

Alhaji Shakiru ya rasu ranar da aka kwana ana ruwa. Da aka sauke makara daga mota a Tafo, Razak ya matso wajen kai. Moro ya dafa shi.

"Wasiyya ce."

"Baba Moro, dubi ƙasar nan. Santsi ne."

"Na gani. Bi ni a baya. In na tafi, ka tare."

Wannan ce maganar da ta fi yi masa nauyi, ya kuwa faɗe ta a gaban jama'a. Ya sa kafaɗa.

Hanyar ta ratsa tsakanin kaburbura, jar laka da saiwoyi. Ana ta salati. A gangaren ƙarshe gefen ƙafarsa ya hau wata saiwa, idon sawun ya fara kwantawa yadda ya saba. Ya ji shi. Tun bai yi tunani ba ƙafar ta dawo ta zauna daram. Makarar ko girgiza ba ta yi ba, na gefensa ma bai san an yi wani abu ba.

Masu neman lada suna ta karɓar sauran kusurwoyi, amma ba wanda ya taɓa kafaɗar Moro har bakin kabari. Ya durƙusa tare da sauran, ya sauke kan amininsa a hankali. Sannan ya miƙe, ya karɓi shebur daga hannun Razak.