Tabon da Ke Ƙarƙashin Hula

Wata huɗu ke nan da na baro ƙauyenmu, amma har yau ba na cire hula a gaban mutane. A can idan 'yan sintiri suka kama mai shan ƙwaya, a jikin kukar bakin kasuwa suke ɗaure shi, su zane shi, sannan su aske masa rabin kai da fasasshiyar kwalba don kowa ya shaida shi. Gashina ya fito, tabon dai yana nan. Ni kuwa ba don nishaɗi nake sha ba. Ƙwadago nake yi, kuma gonar mutane ba ta nome kanta.

Yanzu dako nake yi a Kasuwar Sabon Gari, a shagon Onyedika mai injinan ban ruwa. Ran Laraba da hantsi ya kira ni in kai wa wani baƙo inji mota. Ina ɗagowa na ga ashe baƙon Abdulhafiz ne, shugaban 'yan sintirinmu, wanda ya riƙe kwalbar da hannunsa ranar da aka aske ni. Shi ne ya rantse in ya sake kama ni da ƙwaya sai ya karya mini hannu. Ga shi kuwa ƙwaya biyu na naɗe a cikin hulata.

Kowane ɗan dako cire hula yake yi ya aza gammo. Ni na aza nawa a kan hular, na sunkuyar da kai. Yana bayana har bakin titi, ina jin takunsa. Wajen sauke injin gammo ya zame, ya tafi da hular. Ƙwayoyin suka gangara har gaban takalminsa.

Ya daɗe yana kallon tabon. Na ɓoye hannuwana a baya.

"Hambali, ashe nan ka ɓuya."

Ya sunkuya ya tsince ƙwayoyin, ya waiga hagu da dama, ya haɗiye guda ko ruwa babu. Ya ce tun asuba yake tuƙi, ga sintiri yana jiransa a gida. Ɗayar ya jefa aljihu.

"Laraba mai zuwa zan dawo. Ka tanadar mini kati biyu na ƙwayar nan. Na ga shagon ubangidanka."

Har motar ta ɓace ban iya ɗaukar hular daga ƙasa ba.