Birkin Motar Auta

Tun ranar da Auta ta iso gida hutu, mahaifinta, tsohon direba, ya san ciwon motarta. Ya taka birki ya ji shi kamar dutse, ga wani huci yana fita ta ƙarƙashin sitiyari. Ya buɗe gaban motar, ya laluba tiyon iska, bai sami tsaga ba. Saura abu ɗaya: busta, baƙar tukunyar nan da ke bayan inji, mai ƙara wa ƙafar direba ƙarfi. Robar cikinta ta yage.

Aikin yini guda ne, kuma sabuwar bustar tana ɗakinsa cikin kwali tun Talata. Amma Auta ta ce da zarar mota ta tashi za ta koma asibitin da take aikin jinya, tafiyar yini da rabi. Rabonta da gida shekara biyu. Shi kuwa ba ya iya buɗe baki ya ce wa ɗiyarsa ta zauna. Gara ya kwanta a ƙarƙashin mota.

Saboda haka gyara ya yi ta jan ƙafa. Noti huɗun da ke riƙe da bustar, biyu ya kwance ranar Laraba, ya ce bayansa ya riƙe. Ranar Alhamis sifana mai lamba sha biyu ta yi ɓatan dabo, alhali tana aljihunsa.

"Baban Auta, kai da kake sauke inji kafin azahar?" in ji matarsa, tana shanya a tsakar gida. "Ko tsufan ne ya zo gaba ɗaya?"

"Motocin yanzu ne, sai an bi su a hankali."

"Uhm. A hankali kam."

Ranar Juma'a ya yi abin da shi kansa ya ji kunyarsa. Ana iya ture kofin man birki gefe a zare bustar ba tare da an taɓa bututun mai ba. Shi sai ya kwance bututun duka, iska ta shiga. Fitar da iska kuwa sai mutum biyu: ɗaya a kujerar direba yana taka birki, ɗaya a gindin taya yana buɗe noti. Auta ta leƙa, ta kalli bututun, ta kalle shi. A hannunsa ta koyi mota, ba abin da bai nuna mata ba. Ta cire takalmi ta shiga.

"Taka."

"Na taka, Baba."

"Riƙe."

"Na riƙe."

"Saki."

Haka suka zagaye tayoyi huɗu. Tsakanin taka da saki ta ba shi labarin ɗakinta mai taga ɗaya, da wata tsohuwa marar lafiya da ba ta shan magani sai daga hannunta. Yana kwance a ƙasa, mai yana ɗiga masa a hannun riga, muryarta yana saukowa daga sama. Kewarta ta kama shi tun tana nan, har ya ƙi fitowa da wuri don kada ta ga idonsa.

Kafin la'asar komai ya koma wurinsa, dabara ta ƙare. Saura gwaji. Ana taka birki sau biyar inji a kashe, a riƙe, sannan a tayar da mota. In busta ta yi, birkin zai sauka a hankali ƙarƙashin ƙafa.

Ya tsaya a bakin ƙofar motar yana goge hannu. Auta ta taka, ta riƙe, ta murɗa makulli. Da idonsa ya ga ƙafarta ta sauka sumul, yadda ake so. Birki ya gyaru. Gobe da safe za ta tafi ke nan.

Ta daɗe tana kallon sitiyari, inji yana ta aiki. Sannan ta kashe.

"Baba, har yanzu da ɗan tauri."

Ya buɗe baki zai musa, don shekara arba'in bai taɓa barin a yi wa birki ƙarya ba. Ya rufe.

"To," ya ce. "Sai mu sake fitar da iskar gobe."

"Har jibi ma, in ta kama," in ji Auta, ta sunkuya tana neman takalminta.