Ran da Aka Ba da Maƙeri

A zamanin da ba a san alƙali ko kurkuku ba, an yi wani maƙeri a wani gari na bakin kogi. Mutum ne mai sanyin hali, ba ka jin muryarsa sai dai ƙarar gudumarsa. Maƙerarsa rumfa ce a ƙarshen layin majema, da uwar maƙera da ya gada wurin ubansa, da zugazugin fatar akuya mai huci kamar tsoho ya hau tudu.

Ƙanensa ne ya jawo masa. Rigima ta haɗa ƙanen da wani saurayi a kan hanyar ruwan da ke shiga gonakinsu, ya ɗaga fartanya, saurayin ya faɗi bai sake tashi ba. Kafin labari ya iso gari ƙanen ya haye kogi, ba a ƙara jin ɗuriyarsa ba.

Dokar garin kuwa ko yaro ya san ta: gidan da ya ɗauki rai zai ba da rai. In mai laifi ya tsere, ɗan'uwansa ne a madadinsa.

"Mu gudu mu ma, maigida," in ji matarsa, tana ɗaure kaya.

"In na gudu kan wa za ta faɗa? Ɗan yayata, bai ko fara gemu ba. Kwance kayan nan."

Da hantsi aka taru a filin kasuwa, aka zaunar da maƙeri a ƙasa a tsakiya. Sai aka jawo Mai Sanda, wani tsoho makaho wanda duk hukuncin da aka taɓa yankewa a garin yana cikin kansa, kamar yadda ya karɓa daga bakin wanda ya riƙe sandar kafin shi. Ya dogara sandarsa ya fara jerowa tun daga kafa gari: masuncin da ya nutsar da abokinsa, mafarautan da suka yi faɗa a kan barewa, matar da ta sa wa rumbu wuta da mutum a ciki. Maƙeri ya sha jin wannan jerin yana tsaye a bayan taro. Yau da yake zaune a tsakiya, sai ya ji kamar duk matattun garin sun zo sun kewaye shi, kowa da raunin da ya tafi da shi. Tsigar jikinsa ta tashi. Har tsoron mutuwar ya ɗan sake shi, don abin ya fi ƙarfin mutum ɗaya.

Saura uwar mamacin ta nuna shi da hannu, kawunnan saurayin su gama aiki. Gwauruwa ce mai tufkar igiya, shi kaɗai ta haifa. Ta miƙe da ƙyar, amma ba ta ɗaga hannu ba.

"Baba, maimaita mini dokar. Ita kanta, ban da labaran."

"Gidan da ya ɗauki rai zai ba da rai."

"To, a ba ni."

Babban kawun ya ce, "Yaya, ai shi za mu yi yanzu."

"Gawa za ku ba ni. Ina da guda, na binne ta. Wa zai nome mini gona? Wa zai ɗauke ni in na faɗi? An ce a ba da rai, to ni da ransa nake son shi."

Hayaniya ta kaure. Mai Sanda ya buga sandarsa a ƙasa, aka yi shiru. Ya sunkuyar da kai, leɓunansa na motsi, yana bin hukunce-hukuncen nan ɗaya bayan ɗaya a ransa, har inuwa ta janye daga kan jama'a ba wanda ya gusa. Da ya ɗago, hawaye ne ke bin kumatunsa.

"Na bi ta tun daga farko," ya ce. "Kakanninmu sun kashe, gaskiya ne. Amma ban sami inda ta ce a kashe ba. Cewa ta yi a bayar. Maƙeri, tashi. Daga yau ba ka da gidan uba sai nata."

Maƙeri ya tashi. Yana kallon tsohon, yana kallon matar, ya rasa wanda zai fi jin tsoro a cikinsu. Dokar da ya ɗauka dutse ce tun yana yaro, ga ta ta motsa a gaban idonsa, kuma ba ta fashe ba.

Zaman bai zo da sauƙi ba. Ya kwashe iyalinsa da kayan ƙira ya koma gidanta, ya kafa rumfa kusa da inda take shanya igiya. Damina ta zo ta wuce ba ta kira shi da komai ba sai "kai". Yakan nome gonar, ya gyara danga, ya ajiye mata ruwa a ƙofar ɗaki, ta ɗauka ba ta dube shi ba. Wani lokaci yakan ji kukanta ta cikin bango, sai ya ajiye guduma har ta yi shiru. Kawunnan kuwa sun daɗe ba sa amsa gaisuwarsa.

'Yarsa ƙarama ce ta fara shiga ɗakin ba sallama, ta fito da guntuwar igiya tana cewa kaka ta ce hannunta kamar na biri. Bayan nan zazzaɓi ya kwantar da tsohuwar, shi ya yi jinyarta. Ran da ta fara miƙewa ta leƙo rumfa ta ce, "Ɗan nan, hayaƙinka zai kashe ni kafin ciwo. Matsar da wutar can."

Shekaru bayan haka wasu dattawa suka zo daga wani gari a hayin kogi. Ramuwar jini ta kusa cinye musu gidaje biyu, sun ji an ce a nan an taɓa biyan rai ba a zubar da jini ba. Suka zauna a bakin maƙera suna kallonsa kamar wanda ya dawo daga kabari, suka ce ya faɗa musu yadda aka yi.

Maƙeri ya ajiye guduma. Ya goge hannunsa a jikin walki.

"Ni zaunar da ni kawai aka yi," ya ce. "Ku taso in kai ku wurin innata. Amma ku cire takalma, ta share tsakar gida."