Ruwan Jan Tambari

Shekara tara ke nan ina kula da ɓeraye a ɗakin gwaje-gwaje, har matata kan ce na fi sanin lafiyarsu a kan ta 'ya'yana. Ban taɓa musa mata ba.

Bana shugabarmu, Farfesa, ta zo da sabon aiki. Ɓeraye arba'in masu ciwon jijiya a ƙafa, rabi suna shan ruwan da aka cusa wa iskar haidirojin, rabi ruwa zalla. Gorunan iri ɗaya ne, sai dai wasu da jan tambari, wasu da shuɗi. Wanne ne mai iskar? Amsar tana cikin ambulan, a kulle a durowar Farfesa, don kada son rai ya shiga awo. Ni aikina in taɓa tafin ƙafar kowane ɓera da siririn zaren roba, in rubuta ko ya janye.

Akwai wani ɓera da na sa wa suna Sarkin Raki. Da farko ko iska ka hura masa sai ya ɗage ƙafa. A mako na uku kuwa sai ya tsaya ƙyam, yana kallona kamar ya ce in ƙara. Jan tambari yake sha.

Nan take hankalina ya koma kan Babana. Tela ne, ciwon suga ya taɓa masa jijiyoyin ƙafa, wata bakwai rabonsa da taka keken ɗinki. Cewa yake kamar a kan garwashi yake tafiya. Sai na fara cika 'yar kwalba daga ragowar ruwan jan tambari, in toshe bakinta tam don kada iskar ta gudu, in kai masa kullum bayan an tashi aiki. Na san ba daidai ba ne. Ɓera daban, mutum daban, da bakina nake gaya wa baƙi haka. Amma tausayi ya fi ƙarfina.

"Baba, yaya ƙafar?"

"Da sauƙi, da sauƙi. Allah ya yi maka albarka."

Ranar da aka buɗe ambulan, Farfesa ta karanta mana: shuɗi ne mai haidirojin. Ta ce masu shuɗin sun ɗan fi samun sauƙi, amma da sauran aiki ja kafin a yi zancen mutum. Sarkin Raki dai don kansa ya murmure. Ashe wata guda cur ina yi wa Baba dakon ruwa zalla!

Na same shi a shago yana goge ƙurar keken. Kunya kamar in nutse, amma na zauna na zayyane masa komai.

Ya yi dariya har da tari. "To ai ni ma ba gaskiya nake gaya maka ba. Ƙafar tana nan yadda take."

"Haba Baba! Don me?"

"Tun da ka fara kawo ruwan nan kullum ina ganinka. Da kuwa sai ƙarshen wata."

Ya jawo kwalbar jiya daga ƙarƙashin tebur, ya wanke ta tas, ya miƙo mini.

"Gobe ma a kawo."