Kwamfutar da Ƙusa Ba Ta Zaɓa Ba

Kafinta yana tsakiyar haɗa ƙofar wani kabad ne 'yarsa ta shigo shagon da gudu, ta tsallake tulin katako, ta tsaya gabansa tana haki. Ƙusa ake kiranta tun tana ƙarama, don siririya ce, kuma in ta kafe a kan magana ko da filaya ba a zaro ta. Takarda ce a hannunta. An ɗauke ta a kwaleji, za ta karanci zanen gine-gine.

Ya ajiye guduma, ya goge hannu a jikin riga, ya ce ta karanta masa. Da ta kai ƙarshe ya ce ta maimaita, ba don bai ji ba, sai don daɗin abin. Shafi na biyu jerin kayan da kowane ɗalibi zai zo da su ne, kuma a nan ya ji muryarta ta sauya. Ta bi ta kan zancen kwamfutar tafi-da-gidanka da sauri, kamar mai taka garwashi.

"Wannan ba wani abu ba ne, Baba. Kowace iri aka samu ta yi."

Mutumin da ya shekara talatin yana ƙwanƙwasa katako ya san ƙarar wanda gara ta ci ta ciki. Ya dai ce ta bar masa takardar ya adana mata, kada ta ɓata.

Karatunsa na boko bai wuce lambobin awo ba, amma akwai abin da bai taɓa yi ba a rayuwarsa: sayen abin da bai san kansa ba. Saboda haka ranar Talata da rana ya rufe shago, ya nufi layin masu sayar da kayan lantarki. A shago biyu na farko ba a ma dubi takardar ba. "Baba, ga wadda ake yayi!" "Baba, wannan ko jirgin sama za ta tuƙa!" Ya yi godiya ya fito.

Shago na uku ɗan tsukuku ne. Wata mata mai tabarau tana zaune ta buɗe cikin wata kwamfuta, ƙananan sukurori jere a kan farin ƙyalle, kowanne a layinsa. Wannan jerin ne ya sa ya shiga.

"Baiwar Allah, ba saye na zo yi ba yau. Tambaya na kawo."

"Bismillah, Baba, zauna. Amma a hankali, kujerar nan gurguwa ce."

Ta karanta takardar har ƙarshe, sannan ta tambayi sana'arsa. Da ya faɗa mata, ta yi murmushi ta ce to aiki ya zo da sauƙi.

"Ka ga wannan da suka rubuta sha shida? Ɗauke shi kamar faɗin teburin aikinka. In tebur ƙarami ne, za ka iya haɗa ƙofar gida a kai?"

"Sai dai ka yi ta ɗagawa kana saukewa. Ka wuni ba ka yi komai ba."

"To haka take. Manhajar zanen da za su yi aiki da ita babbar ƙofa ce. Wannan lambar kuma ɗakin ajiya ne, inda aiki ke kwana. Wannan ta ƙasa ita ce ƙarfin hannun mai aikin."

"Manhajar fa, mece ce ita?"

"Kayan aiki. Kwamfuta shago ce babu kowa. Manhaja ita ce zarto da guduma."

Ya zaro wani guntun katako daga aljihu, ya ciro fensir daga bayan kunne, ya rubuta lambobin. Washegari ya dawo da sababbin tambayoyi: batir awa nawa yake yi, in abu ya lalace ana samun kayan gyaransa, wadda aka taɓa amfani da ita tana da amana? Ya zo da gam da ƙusoshi huɗu, yana sauraro yana gyara ƙafar kujerar. Kafin ya tafi ya roƙe ta abu guda.

"Ranar Asabar zan zo da yarinyar. Don Allah ba ki san ni ba."

"Ban taɓa ganinka ba, Baba," in ji Mai Tabarau.

Ranar Asabar suka zo. Ƙusa ba ta ɓata lokaci ba. Ta wuce manyan da ke jere a sama, ta nufi wata 'yar ƙarama a ƙarshen kanta, mara nauyi kamar littafi, wadda ta fi duk sauran araha.

"Wannan nake so, Baba. Duba yadda take da kyau. Ko a jakata za ta shige."

Kafinta ya karɓa, ya juya ta, ya ɗan ƙwanƙwasa murfin. Sannan ya gyara murya, ya dubi Mai Tabarau kamar baƙuwa.

"Teburinta nawa ne? Ina nufin... wannan lambar da ake so ta kai sha shida."

"Huɗu ne, Baba."

"Huɗu! To ai manhajar zane ba za ta zauna a kai ba. Kuma ana iya ƙara mata, ko a liƙe yake?"

"A liƙe yake."

Ƙusa ta saki baki tana kallon ubanta. Mutumin da sai ta danna masa lamba a waya kafin ya kira mai katako! Ta dubi matar, matar ta duƙufa neman wani abu a aljihun tebur. Sai idonta ya sauka a kan kujerar da ke gefe, da sabon tokari a ƙafarta, an fere gefensa an goge sumul. Duk garin mutum ɗaya ne ke ɓata lokacinsa wajen goge inda ido ba ya kaiwa.

"Baba, zo mu yi magana a waje."

Suka tsaya a bakin shagon, babura na wucewa. Ta ce ta san komai game da lambobin, tun kafin takarda ta zo ta bincika. Ta ce a kwaleji akwai ɗakin kwamfutoci, za ta riƙa bin layi, ba ita kaɗai ba ce. Sannan muryarta ta karye.

"Shekara biyu kana maganar injin yanka katako, yanzu kuɗinsa za ka zuba a kwamfuta? Ina jin nishinka da safe in za ka ɗaga hannun nan na dama. Kana tsammani ba na ji?"

Kafinta ya juya yana kallon titi. Bai san ana jin sa ba.

"Bari in ba ki labari," ya ce. "Da aka kai ni koyon aiki, maigidana ya ba ni wani tsohon zarto. Duk abin da na yanka sai ya karkace. Sauran yara na dariya, shi yana faɗa. Shekara guda cur ina kwana ina tashi da cewa hannuna ne ba shi da kyau. Har na ɗaure kayana zan gudu. Rannan wani ya ara mini nasa, na yanka katako ya fita tamkar an ja zare. Ashe ba ni ba ne." Ya juyo ya dube ta. "Ba zan tura ki cikin mutane ki yi shekara kina zargin kanki ba. Kafaɗa kuwa, tawa ce, mun saba da juna."

Ta sunkuyar da kai, ta share ido da bayan hannu. Karo na farko ke nan da aka zaro Ƙusa ba tare da filaya ba.

Wadda suka ɗauka ba sabuwa ba ce. Baƙa ce, mai nauyi, da ɗan ƙarce a murfi, amma Mai Tabarau ta buɗe cikinta a gabansu, ta nuna masu sabon batir da gurbin da za a iya ƙara mata ƙarfi nan gaba. Da aka zo kan manhaja, ta gargaɗe su da ta sata da ake sa wa mutane a bakin titi: rana tsaka take rufewa da aikin mutum a ciki. Ta ce masu manhajar zanen suna ba ɗalibai kyauta in an nuna shaidar makaranta. Nan take suka ɗauki hoton takardar suka tura. Kafin amsa ta zo, ta sa mata ta rubutu da ta lissafi, da wata ƙaramar ta zane don ta fara sabawa.

"Gwada mu gani," in ji ta.

Ƙusa ta zauna a kan kujerar da aka gyara. Ta ja layi huɗu, ta ɗaga su suka zama bango, ta huda taga, ta sa ƙofa. Ta juya ɗakin yana shawagi a fuskar kwamfutar, ko gezau na'urar ba ta yi ba. Kafinta ya matso har numfashinsa na taɓa kafaɗarta. Ya daɗe yana kallo.

"Ƙofar nan," ya ce, "in aka buɗe ta za ta bugi taga."

Ƙusa ta duba. Haka ne kuwa. Mai Tabarau ta yi dariya har sai da ta cire tabaran.

A gida innarta ta ɗaga kwamfutar da hannu biyu, ta ce, "Wannan ai dutsen niƙa kuka sayo." Amma ita ce ta zauna ta ɗinka wa jakar ƙarin soso a maɗauki.

Bayan mako biyu Ƙusa ta tafi. Wata bai cika ba ta kira shi yana shago, ta ce an ba su aikin farko, zanen matakalar bene. Ta ce kwamfutocin wasu sai tsayawa suke yi cak, har 'yan ɗakinsu biyu suna jiran ta gama su ari tata.

"Ki ara masu," ya ce. "Amma su wanke hannu."

"To, Baba. Tambaya gare ni. Tsayin kowane mataki, malam ya faɗi nasa, amma kai nawa kake sawa?"

Kafinta ya kaɗe garin katako daga kan benci ya zauna.

"Ya danganta," ya ce. "Gidan akwai tsofaffi?"